Maiwarki a Lambun Jamusawa

Laraba, ƙarshen watan Oktoba, daga ƙasar Jamus.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin rahamarsa. Na san ba a aika wa mamaci takarda. ’Yata Rabi ce ta buɗe mini wannan shafi a waya, ta ce in riƙa rubuta abin da ke cina maimakon in zauna ina yi wa bango tsaki. Duk wanda zai karanta ya karanta. Ni da ke nake magana.

Zan fara da abin da na riƙe tun kafin rasuwarki, domin har yau bai sake ni ba. Kina da ranki da hankalinki kika tara dattawa, kika ce gonarki ta bayan gari kin ba ƙanena Bello kyauta, don kada ma ta shiga rabon gado. Ni ne babba. Ni na ƙare ƙuruciyata ina malamin gona, ina yawo a kan babur tsakanin Anka da Gummi da Bukkuyum ina koya wa mutane yadda za su riƙe ƙasarsu. Amma ni aka miƙo wa ƙullin tsumma da irin maiwa a ciki. Da na buɗe baki sai kika ce, “Kai kat tahi boko, Bello yaz zamna. Mi kaka so in yi?” Ban amsa miki ba a ranar, saboda akwai mutane. Ke kika tura ni bokon nan, Inna. Ina kuka aka ɗora ni a bayan keken Kawu, kina tsaye bakin zaure kina cewa in rufe miki baki.

Ba ki ga abin da ya biyo baya ba, kuma wannan ma rahama ce. Damina biyu ba ta cika ba bayan mun rufe ki, Bello ya buɗe wa masu haƙar zinari gonar. Da na je na tsaya a bakin ramin farko, ya dafa kafaɗata ya ce, “Yaya, kai ka san takarda, ni na san inda duniya ta nufa.” Yau gonar ramuka ce da ruwa ya kwanta a ciki, zinarin bai zauna a hannunsa ba, ƙauyen ma an watse saboda ’yan bindiga. Yana Gummi a ɗakin haya. Muna gaisawa da Sallah.

Ƙullin nan kuwa ban yar ba, ko da yake na yi fushi da shi. Farar maiwarki ce, wadda kika ce daga wurin kakarki ta fito. Kafin girbi kike shiga gona ke kaɗai, ki zaɓi zangarniyar da ta cika, ki ɗaure ta daban, ki rataye a madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓa ta. Furarta takan kwana biyu ba ta yi tsami ba. Na riƙa shuka ta a bayan gidana na Anka kowace damina don kada irin ya tsufa. Ban gaya wa kowa dalili ba.

Daga nan ƙodata ta gaza. Uwar yara ta riga ta rasu. Jikarki Rabi tana aikin jinya a nan, ta yi ta fama da takardu har aka yarda in zo in zauna wurinta. Sau uku a mako ake haɗa ni da inji a wanke mini jini, kuma wannan injin shi ne turken da aka ɗaure ni a kai. Ƙasar da na bauta wa har gashina ya yi fari ba ta iya ba ni gadon da za a yi mini wannan wankin ba sai in na sayar da gidana. Na sayar ɗin, bai kai ko’ina ba. Ranar da zan taso, na zuba irin maiwar a cikin safa na cusa a aljihun babbar riga. Shi ne kaɗai abin noma da na fito da shi.

Bari in ba ki labarin mutanen nan, don da kina raye da kin sha dariya.

A makon farko na tare wani maƙwabci a kan matakala. Na tambaye shi kwana, na tambaye shi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi sanyi, duk a cikin ɗan Turancin da muke iya haɗuwa a kai. Ya tsaya yana kallona da makulli a hannu. Da yamma sai ya buga wa Rabi ƙofa yana tambaya ko mahaifinta yana cikin wata matsala ne da yake jin nauyin faɗa. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, kuma ana yin ta ne ana tafiya.

Shara ma sai an yi mata karatu. Takarda da kwandonta, ɓawon albasa da nasa, gwangwani da leda da nasu, kwalba kuma sai ka duba launinta. Wata tsohuwa ta hawa na ƙasa ta kama hannun rigata ta kai ni bakin kwanduna, ta sa hannu ta zaro gwangwanin kifin da na jefa inda bai dace ba, ta ɗaga shi sama kamar ta kama ɓarawo. Ni da hakimai ke tashi su ba ni kujera. Na karɓi gwangwanina na ce na gode.

An sa ni ajin koyon harshensu tare da yara sa’o’in jikokina. Malamar, wadda ba ta kai Rabi ba, takan ɗaga hoton kare ta ce mu maimaita. Takardun shaidar karatuna suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, babu wanda ya taɓa tambayarsu. Bayan ’yan watanni na daina zuwa.

Ba a zuwa gidan mutum sai an sa rana, ko da ɗanka ne. Ranar Lahadi kuwa gari mutuwa yake yi. Kantuna a rufe, ba a buga guduma, ba a ta da inji, ko kwalba ba a jefawa a kwando don kada ƙararta ta dami wani. Amma ba zan yi musu ƙarya a gabanki ba. In sun ce gobe, goben ce. Motar da ke kai ni asibiti ba ta taɓa barina a tsaye ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, domin ya nuna mini cewa abin mai yiwuwa ne, mu ne ba mu ga dama ba.

Shekarar farko a ɗaki na yi ta, ina kallon taga. Rabi ta ga ina lalacewa. A bayan garin, gefen hanyar jirgin ƙasa, akwai wani fili da aka yanyanka ƙananan lambuna, kowa da nasa, kowa da ’yar bukkarsa da shingensa. Masu lambunan ƙungiya gare su, da shugaba, da littafin dokoki mai kauri wanda ya faɗi har tsawon da shinge zai kai. Rabi ta sa sunana a layi, muka jira har wani tsoho ya gaji ya saki nasa. Bai fi tsakar gidanki girma ba. Ranar da shugabar ƙungiyar, wata mace mai suna Helga, ta nuna mini shi, na durƙusa na damƙi ƙasar na sansana. Baƙa ce, mai laushi, irin wadda na yi shekaru ina zana wa manoma a kan allo ba su taɓa ganinta ba.

Maƙwabcina na dama wani dattijo ne, Manfred, tsohon direban jirgin ƙasa. Dankalinsa a jere yake kamar an sa igiya, kuma an sa ɗin. Tsakanina da shi shinge ne da bai wuce gwiwa ba.

Na kasa irinki kashi uku. Kashin farko ni na kashe shi da hannuna. Wata ranar Afrilu aka kwana ana ruwa, da safe na buɗe taga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni. Jikina bai san wata alamar shuka ba sai wannan. Na ɗauki sanda a madadin sungumi, na tafi ina sara ina jefawa ina rufewa da diddige, kamar yadda muke bin bayanki muna yara. Manfred ya leƙo ya ce, “Ya yi wuri.” Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. A nan ruwa ba ya nufin komai, kullum yana zuba. Ɗumin ƙasa ake jira. Yawancin irin ya ruɓe a rami, ɗan abin da ya tsiro kuma wata safiya raɓa ta daskare a kansa ya ƙone.

Shekara ta biyu na jira har ƙasa ta yi ɗumi. Inna, da kin ga maiwar nan. Ta tashi kamar ana jan ta, ta wuce ni, ta wuce rufin bukka, kara kamar rake, ganye har yana baƙi don kore. Mutane suna tsayawa a hanya suna ɗaukar hotonta. Amma ta ƙi yin ciki. Na san dalili, na ma koyar da shi: maiwa tsawon dare take jira, shi ya sa a gida ba ta fitar da kai sai damina ta juya baya. A nan kuwa lokacin zafi rana ba ta faɗuwa sai lokacin da ku kun daɗe da yin isha’i. Na yi zaton za ta gane baƙuwa ce ta sassauta. Ba ta sassauta ba, halinki gare ta. Kafin dare ya yi tsawon da take so, sanyi ya shigo. Na sare ta ɗanya, kuma doka ta ce in yayyanka karan ƙanana kafin in zuba a ramin taki. Na yini ina yi.

Cikin hunturun da ya biyo baya na ɗebi ’yan ƙwayoyi daga kashi na ƙarshe na shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma don in ga ƙarfinsu. Kaɗan ne suka tsaga. Irin ya tsufa, in ya ƙara shekara babu abin da zai tashi. Na shiga buga waya gida ina neman mai irinki, ko don in san ba ni kaɗai ba ne. Na nemi ’yar’uwata Hassi, na nemi ’ya’yan Kawu, na nemi mutanen Nasarawa Burkullu da na taɓa yi wa aiki. Babu. Wa zai shuka hatsin da sai an jira shi har ƙarshen kaka, alhali mutum bai san ko zai kwana a garinsu ba? Kowa ya koma abin da ke nuna da wuri, a tsinke a gudu. Waɗanda suka tsere da ɗan iri a buhu yunwa ta sa sun daka shi. Bello ya ce, “Yaya, mutane na neman ransu kai kana neman maiwa.” Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na kashe wayar.

Sai na yanke shawara: zan shuka duk abin da ya rage, kuma tunda ƙasar ta ƙi ba ta dare, ni zan yi mata dare. In kafa rumfa a kanta, in riƙa lulluɓe ta da baƙin tamfol tun rana na sama, in buɗe da safe, har ta ɗauka kaka ta zo.

Littafin dokoki bai yarda da irin wannan rumfa ba. A da, da na kafa abata in ya so a yi rigima. Amma na fara gane su. Na sa Rabi ta rubuta roƙo, aka sa maganata cikin abin da za a tattauna a taron ƙungiya. Na yi makonni ina haddace abin da zan faɗa da harshensu, ina maimaitawa a kan gadon asibiti har ma’aikatan jinya suka riƙa gyara mini. Ranar taro na sa babbar riga da hula. Wani ya ce baƙin tamfol zai ɓata kyan wurin. Wata ta tambaya ko ciyawar ba za ta bazu ta shiga lambunan mutane ba. Ciyawa, Inna. Na miƙe, duk abin da na haddace ya gudu, sai guntun da ya rage: hatsin uwata ne, ta rasu, babu sauransa ko’ina sai wanda ke hannuna. Manfred ne ya fara ɗaga hannu, ko kallona bai yi ba. Aka amince, da sharaɗin cewa da zarar kai ya fito zan rushe rumfar in fitar da kayanta daga filin gaba ɗaya. Helga ta rubuta, na sa hannu.

Na fara renon irin a ƙananan tukwane a bakin tagar ɗakina, na dasa bayan sanyi ya wuce. Abin da ya rayu bai cika kunya biyu ba. Daga nan na zama bawan maiwa. Kowace yamma ina can ina jan tamfol, ko da ranar wankin jini ce, bakina yana ɗaci. Kowace safiya a buɗe, in ba ni ba Rabi kafin ta wuce aiki. Ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Manfred ya gaya wa Rabi cewa in ya ji ƙarar tamfol ɗina ya san lokacin shayinsa ya yi. Ni da ake zuwa taron manoma a same ni ban iso ba.

Wata safiya na yaye tamfol na ga wuyan kara ɗaya ya kumbura. Na taɓa, na ji tauri a ciki. Na zauna a ƙasa tsakanin kunyoyi. Ba zan gaya wa masu karatu abin da na yi ba, ke kin sani. Cikin mako guda kawuna suka fito, gajeru, ba su kai naki ba, amma su ne. Da bununi ya sauka na riƙa kama kai biyu ina goga su da juna, tunda babu fili mai faɗi da iska za ta yi mini wannan aiki. Hannuna ya yi ƙamshin gonarki.

Na cika alkawari. Na rushe rumfar, muka kwashe itatuwan da tamfol ɗin muka kai inda ake zubar da irin waɗannan kaya. Helga ta zo ta duba, ta miƙo mini hannu. Na ji daɗi, kin ji in gaya miki. Na ɗauka na ci jarrabawar zama da su.

Da ƙwaya ta fara ɗaukar madara sai ga gwarare. Ban taɓa kawo su a raina ba, domin ban ga suna damun dankalin kowa ba. Ɗaya ta ɗanɗana ta kira dangi. Na yi abin da kika koya mana: na tara gwangwanaye, na zuba tsakuwa, na jera su a igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ina ja ina kuwwa. Kin tuna yadda kike ɗora mu a kan dandamali tun asuba, ki ce duk wanda ya bari tsuntsu ya sauka ba shi da fura? Da wannan muryar na yi. Ya yi aiki kuwa.

Ranar Asabar da yamma Helga ta tsaya a bakin ƙofar lambuna. Ba ta ɗaga murya ba, ba sa ɗagawa. Ta ce mutane sun kawo ƙara, nan wurin hutawa ne, gobe kuma Lahadi. Ta ce in kwance gwangwanayen, in sayi raga in rufe kawunan kamar yadda kowa ke rufe ’ya’yan itacensa. Shawara ce mai kyau. Sai dai kantin da ke sayar da ragar ya riga ya rufe, ba zai buɗe ba sai Litinin, Litinin da safe kuma ina kan inji. Na dube ta, na dubi maiwa. Na kwance igiyar.

Lahadin nan a tsaye na yi ta, tun fitowar rana har faɗuwarta. Ina zagaya kunya biyu ina kaɗa hula, bakina a rufe. Masu wucewa da karnukansu suna gaishe ni da ka. A nan na yi azahar da la’asar, ina sallama ina waiwaye. Da magariba na tattaro kawunan wuri ɗaya, na lulluɓe su da tsohon mayafin Rabi da zanen gado, na ɗaure daga ƙasa da igiya iya ƙarfina. Na ce su yi mini haƙuri zuwa gobe da azahar.

Gadon da ake kwantar da ni a asibiti yana kallon taga. An soka mini allurai, inji ya fara juyawa, sararin sama shiru. Da hantsi sai na ga kan itatuwan asibitin ya fara kaɗawa. Kafin wani lokaci suna sunkuyawa, ganye yana tashi, wata kujerar roba ta bi tsakar gida da gudu. Na kira ma’aikaciyar jinya na ce ta cire ni. Ta duba injin ta ce da saura, in ta cire ni yanzu jikina ne zai biya. Na kira Rabi, wayarta tana cikin akwatin ajiya a wurin aikinta. Lambar Manfred kuwa ba ni da ita. Shekara uku muna raba shinge, ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa bayarwa ba. Na kwanta ina kallon jinina yana fita yana dawowa, iska tana abin da ta ga dama.

Motar asibiti gida take mai da mutum, ba ta ratse. Daga gida na hau bas, ina dafa bango. Abin da na fara gani shi ne mayafin Rabi da zanen gado, an ninke su tsaf, kusurwa ta haɗu da kusurwa, an rataye a ƙofar lambuna an maƙale da abin shanya don kada iska ta sake ɗauka. A bayansu kawunan maiwa suna tsaye fari fat, an tsotse su tas. Ƙasa duk ƙaiƙayi.

Manfred ya matso bakin shinge da hularsa a hannu. Ya ce iska ta jefo zannuwan cikin dankalinsa. Ya ce ya ga tsuntsayen, ya tafa hannu daga inda yake, sun tashi sun dawo. Sannan ya ce, “Ban shiga ba, domin lambunka ne, kuma ba ka ce in shiga ba.” Shingen nan, Inna, yaro mai rarrafe zai haye shi. Ƙofar ko sakata ba ta da ita.

Na tuna Ɗanbaba, wanda kuka yi shekaru ba kwa ga maciji da juna saboda iyakar gona. Ko shi in ya biyo ta hanya ya ga awaki a cikin maiwarki, sai ya tsallaka ya kore su, yana korar yana zaginki. Baƙon da bai san mai gona ba ma yakan duƙa ya ɗauki hoge ya jefi tsuntsu. Ba a neman izini a kan wannan. Ban san cewa a wata ƙasa sai an nema ba. Na ɗauki zannuwana na tafi.

Na yi kwanaki ina tsine wa ƙasar da mutanenta da Lahadinsu. Amma ni tsoho ne, kuma a kan inji mutum yana da lokacin tunani. Mutumin nan ya tsaya yana kallon abin da ya ɗaga hannu dominsa yana ƙarewa, ƙafarsa ta ƙi haye shinge, saboda tun yana yaro aka koya masa cewa abin wani na wani ne. A wurinmu kowa na shiga gonar kowa. Mai korar tsuntsu yana shiga, mai haƙa rami ma yana shiga, mai bindiga ma haka. Ban ce nasu ya fi ba. Har gobe ina ganin mutumin da zai ninke zane ya bar hatsi akwai abin da ya ɓace masa. Na dai gane cewa a nan abin da ba ka furta ba, babu mai yi maka shi, komai ƙaunar da yake maka.

Bayan mako biyu Manfred ya nemi Rabi ya tambaya wace rana zai iya zuwa gida. Ya zo da naɗin raga a hammata. Ya zauna a bakin kujera, ya sha shayi, ya ci ƙosai biyu don kunya. Da zai tafi ya rubuta mini lambarsa. Na karɓi ragar, ko da yake ba ni da abin rufewa.

Ga abin da na ƙudura, kuma ina so ki zama shaida. Ba zan saki lambun nan ba, ba kuma zan koma bakin taga in jira mutuwa ba. Na koma ajin harshe, na zauna a layin gaba, yarinyar ta ɗaga hoton karenta na amsa da ƙarfi. Na tsayar da Manfred a gaban Helga na faɗa da bakina cewa ƙofata a buɗe take gare shi dare da rana, ko ina nan ko ba na nan. Na kuma rubuta roƙo na biyu, wannan karon da hannuna, Rabi ta gyara kurakurai kawai: a ƙara layi ɗaya a littafin dokoki, cewa duk wanda ya ga tsuntsu ko iska na ɓarna a lambun maƙwabcinsa yana da izinin shiga. Za su yi gardama a kai, za su tambayi wa zai ɗauki alhaki in an taka wa wani fure. Zan je da babbar rigata in zauna har a ƙirga hannuwa. In sun ƙi bana, in sake kawowa baɗi. Jiya ma na binne tafarnuwa a kunyoyin nan biyu, domin ita a cikin sanyi take kwana, kuma wannan karon na tambaya kafin in sara.

Maganar gona kuwa ban sauka daga kanta ba, kada ki ɗauka na sauka. Amma ina kewarki, Inna. Ina kewar yadda kike tura mini ƙwaryar fura da ƙafa ba tare da kin dube ni ba, kina faɗa da wani can daban. Na kai shekarun da kike lokacin da nake ganin kin tsufa, kuma babu wanda ya rage a duniya da zai ce in rufe masa baki.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Allah Ya mai da mutanenmu garuruwansu, Ya ba su daminar da za su jira har ƙarshenta ba tare da tsoro ba. Allah Ya shirya Bello, Ya yi wa Rabi albarka. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin ƙafa zuwa ranar taro, Ya sa in cika da imani ko a wace ƙasa ce. Amin.

Na jinkirta wannan takarda ne don ina jiran abu ɗaya. Na tsince ’yan ƙwayoyin da tsuntsaye suka bari a gindin zangarniya, na shanya su, na ba su lokaci, sannan na shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma a wuri mai ɗumi. Ba su ƙosa ba lokacin da aka ci ’yan’uwansu. Yau da safe na buɗe, duk sun yi funfuna, ko ɗaya ba ta tsaga ba. Maiwarki ta ƙare, Inna. Babu ita a hannuna, babu ita a gida.

Ɗanki,
Umaru.